Ƙusa Huɗu a Gadon Goggo Shatu

A shekarar da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, irin zafin da kwaltar hanyar Mina take kama takalmin mutum, Mukhtaru kafinta ya yi wa motarsa aikin da ya tara masa 'yan kallo a unguwar Mansur. Tsohuwar motar soja ce mai rufaffen baya, wadda yake ɗauko katako da ita daga Jidda. Kwana goma sha tara ya yi a cikinta da zarto da guduma. Ya huda mata taga hagu da dama, ya ɗaga rufin, ya lulluɓe ƙarƙashin kwanon da tabarmar kaba saboda zafi, ya kafa randa a kusurwa ya ɗaure ta da ƙarfe. Amma ba wannan ya tara mutane ba, gadon da ya sa a ciki suke zuwa kallo.

Gadon juyawa yake yi. Mukhtaru ya samo cibiyar tayar wata matacciyar lori, ya ɗaure ta a tsakiyar daɓen motar, ya ɗora ɗan gajeren gadon igiya a kai. Da ɗan yatsa ɗaya sai ka juya shi duk inda kake so, ko ƙara ba ya yi. Masu sayar da fura da masu wankau suka riƙa leƙowa suna cewa Mukhtaru ya fara taɓuwa. Shi dai bai tanka wa kowa ba, don dama ba mai yawan magana ba ne, kuma ya san abin da ya sa shi.

Goggo Shatu ce ta sa shi, ƙanwar mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta baro Kura ita da mijinta Malam Tsoho, a ƙafa. Sun yi noma a Chadi, sun tsinci auduga a Madani, sun soya ƙosai a tashar jirgin ƙasa, har suka ga teku a Sawakin. A nan Malam Tsoho ya kwanta bai tashi ba. Ita kaɗai ta haye, da ƙunshin kayanta da takalman mijinta waɗanda faci ya fi asalin fatarsu yawa. Kwana biyu da saukarta Jidda ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Mukhtaru, wanda a Makka aka haife shi, bai taɓa ganinta ba sai ranar da ya je ya ɗauko ta kamar jaririya.

Jiki ya tafi, amma bakin nan nata yana nan daram.

"Muntari," haka take kiransa, wai Mukhtaru sunan Larabawa ne. "Abu biyu nake so a wurinka, ba uku ba. Ka kai ni Arfa da raina. In kuma ta Allah ta kasance, kada ka bari in cika ina kallon wani wuri ba Ɗakin Allah ba. Ka ji, ko sai na faɗa da Larabcin?"

"Na ji, Goggo."

Can gida Kura wannan ba aiki ba ne. Kowa ya san gabas, a kwantar da mutum sau ɗaya an gama. A Makka kuwa Ɗakin yana kusa, kana shan kwana ɗaya alƙibla ta koma bayanka, ga hanyar Arfa kwana-kwana tsakanin duwatsu. Shi ya sa ya yi gadon haka, don matarsa Rumasa'u ta zauna a baya tana juya shi duk inda hanya ta karkata.

Sauran abu ɗaya, lamba. Ba motar da take hawa hanyar Arfa sai an duba ta a filin ofishin motoci an ba ta aji. Ran bakwai ga watan Hajji, ranar ƙarshe ta dubawa, Mukhtaru ya shiga layi tun da safe. Da zai fito Rumasa'u ta bi shi har ƙofa.

"Baban Maryama, kada fa ka ce musu ba ta da lafiya. Ka san abin da ake faɗa."

Ya sani sarai. Duk Mansur an yi ittifaƙi cewa baƙon da aka ji yana ciwo, mutanen lafiya za su zo su ɗauke shi su rufe a karantina, inda ake killace masu ciwo, sai bayan Hajji. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da maƙwabcin da ƙanin matarsa ya gani. Ban da haka ma, a wane gida aka taɓa tsayawa gaban baƙo a ce tsohuwarmu tana bakin mutuwa? Mai ciwo ko numfashi ɗaya ya rage masa, da sauƙi ake cewa.

Rana ta take sosai kafin layi ya zo kansa. Da ya ga wanda ya nufo shi da littafi a hammata sai ya ji sanyi a ransa, don Abdulganiyyu ne, ɗan Takari kamarsa, wanda suka yi karatun allo tare a zauren Malam Isa. Sanyin bai daɗe ba. Abdulganiyyu ya zama Afandi yanzu, ma'aikacin hukuma, ga farar riga ga alƙalami a aljihu, ga abokan aikinsa Larabawa biyu a inuwa suna shan shayi suna kallon yadda zai yi da ɗan'uwansa. Ko kalmar Hausa ɗaya bai bari ta fita daga bakinsa ba.

"Ya Mukhtar, wane aji kake nema?" ya tambaya da Larabci.

"Motar kwana, Afandi."

"A littafina motar kaya ce."

"Da can. Yanzu duba ka gani."

Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma su duka biyun sun sani. Motar kwana, irin wadda manya suke kai iyalinsu da ita, ana sakinta da hantsi ta bi kwalta, gudunta kilomita talatin a awa. Motar kaya kuwa ba ta motsawa ranar Arfa sai bayan azahar, ta bi hanyar raƙuma a cikin yashi, gudunta goma sha biyar, in ma raƙuman sun ba ta hanya. Awa biyar cikin akwatin ƙarfe da tsakar rana. Ko mai lafiya sai ya galabaita, balle Goggo da take numfashi kamar ana jan zarto.

Abdulganiyyu ya hau. Ya miƙe tsaye ya taɓa rufin da tafin hannu, ya yi alama a littafi. Ya leƙa tagar hagu, ya leƙa ta dama. Ya girgiza randar da ƙarfi, ba ta motsa ba. Mukhtaru ya fara sakin numfashi. Sai Afandi ya jingina gwiwarsa da gadon don ya yi rubutu, gado kuwa ya sulale ya juya, saura kaɗan ya kifa da shi.

Larabawan inuwa suka tuntsire da dariya. Abdulganiyyu ya miƙe yana gyara riga, fuskar nan ta ɗaure tamau.

"Mene ne wannan?"

"Gado ne, Afandi."

"Gado ba ya yawo." Ya buɗe littafin ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. "Gado kafaffe, a jikin bango, tsawonsa yana bin tsawon mota. Abin da yake motsi ba jikin mota ba ne, kaya ne. Motar da take ɗauke da kaya kuwa motar kaya ce."

"A kafe yake ai. Dubi ƙasa, ƙarfe ne ya riƙe shi."

"Yana juyawa ko ba ya juyawa?"

Zufa ta gangaro wa Mukhtaru ta bayan kunne. Ya rage murya ya koma Hausa. "Ganiyu, don zumunci. Ka kau da kai daga wannan kaɗai."

Abdulganiyyu ya saci kallon inuwa, ya amsa da Larabci, da ƙarfi yadda za su ji. "Mamnu'u, an hana. Doka ba ta san zumunci ba." Sannan ya tsaya yana duban gadon, ya sake tura shi da yatsa, ya ga yadda yake tafiya sumul. Aikin ya ba shi mamaki, ko bai faɗa ba. "Me ya sa ka yi shi haka? Wa zai kwanta a kai?"

"Goggona ce, tsohuwa. Don iska na yi, ta riƙa bin taga."

"Ba ta da lafiya ne?"

Nan fa Mukhtaru ya ga alƙalamin a tsaye a kan takarda. Ya ga ƙofar karantina tana rufewa a kan Goggo, ita da takalman Malam Tsoho, shekara goma sha ɗaya ta tashi a banza saura tafiyar awa ɗaya.

"Tsufa ne kawai," ya ce. "Da sauƙi."

"Ka tabbata?"

"Da sauƙi, Afandi, alhamdu lillahi."

Abdulganiyyu ya ɗaga kafaɗa. "To shi ke nan. Ko ka kafe shi yanzu a gabana in ba ka lambar kwana, ko ka tafi da shi yana rawa in ba ka ta kaya. Zaɓi, akwai mutane a bayanka."

Akwai su kuwa, har sun fara danna oda. Mukhtaru ya tsaya tsakanin alƙawari biyu da ya ɗauka wa mace ɗaya, an ce ya jefar da guda. In ya bar gadon yana juyawa, za ta cika a hanyar raƙuma tana kallon Ɗaki, ba ta ga Arfa ba. In ya kafe shi, wataƙila ta isa. Wallahi a lokacin ji ya yi kamar ya kama littafin nan ya cusa wa Ganiyu a baki. Maimakon haka sai ya buɗe akwatin aikinsa ya ɗauko guduma.

Ya kwance cibiyar tayar, aikin kwana shida, ya mirgina ta waje ta faɗi a ƙasa. Ya ja gadon jikin bangon dama, kai wajen direba, yadda mai kwanciya a kan hannun dama zai fuskanci tagar hagu. Ya zaro ƙusa huɗu manya, ya buga ɗaya a kowace ƙafa. Kowane bugu a ƙirjinsa yake jin sa. Da ya gama Abdulganiyyu ya girgiza gadon, ya yi alama, ya kira askar, ɗan sandan wurin, ya ɗaura lamba. Askar ɗin ya shiga gaba ya cusa guntun katako a ƙarƙashin totur, ya ɗaure da waya, ya matse bakin wayar da darma mai hatimi. Da wannan katako ko ka taka da ƙafa biyu mota ba za ta wuce talatin ba.

"Wanda ya karya darma ya rasa lamba, ya rasa mota," in ji Abdulganiyyu, bai dube shi ba. "Na gaba!"

Da la'asar Mukhtaru ya durƙusa gaban Goggo ya gaya mata. Ta kalle shi da idonta ɗaya mai rai.

"Wato ka sayar da rabin maganata."

"Goggo, in ba haka ba ba za su bari..."

"Na ji. Ni ban san littafinsu ba, kai na sani. Kai ka ce ka ji." Ta juyar da ido. "Rumasa'u, sa mini takalman nan ƙarƙashin matashi."

Bai iya cin tuwo ba ran nan, kuma ba wanda ya matsa masa.

Ranar Arfa aka sake su da hantsi, bayan manyan motocin alhazai sun gama wucewa. Mukhtaru yana gaba da haraminsa, Rumasa'u tana baya da mafici da tsumma a jiƙe. Tsakaninsu akwai 'yar kafa da ya huda a bayan kujerarsa don su riƙa jin juna. Suka fita ta Aziziyya, suka ratsa Mina da tantunanta da aka bari wayam. Gefen kwalta raƙuma ne jere da masu tafiya a ƙafa, farare fat har iyakar gani, Labbaika tana tashi tana sauka. Allurar gudu ta hau talatin ta tsaya cak. Ya taka, ya ƙara takawa, katako ya tokare. Wani Badawi a kan jaki ma ya jera da su na ɗan lokaci yana yi musu murmushi.

"Yaya take?" ya tambaya ta kafar.

"Tana Labbaika a hankali. Tuƙa kawai."

Duk kwanar da ya sha sai ya lissafa a ransa inda Ɗakin ya koma. Yanzu yana bayansu. Yanzu ya koma dama, bayan Goggo ke nan. Da gadon yana nan yadda ya yi shi, da yatsa ɗaya ya isa.

Bayan Muzdalifa akwai mashigi tsakanin duwatsu biyu inda hanya take tsukewa, mota ɗaya-ɗaya take wucewa. A nan suka tarar da layi, kuma a nan rana ta same su. Awa biyu suna matsawa taku-taku. Iska ta ɗauke ɗif. Kwanon motar ya yi zafin da ba a taɓawa, tabarmar kabar ma ta fara warin ƙuna. Mukhtaru yana jin Rumasa'u tana tsoma tsumma a randa tana matsewa, tana tsomawa tana matsewa. Can sai ya lura Labbaikar Goggo ta daina fitowa. Wani sauti ne ya maye gurbinta, mai kauri, daga can cikin maƙogwaro. Ya taɓa jin irinsa sau ɗaya, ranar da mahaifinsa ya rasu.

A bakin mashigin an kafa shinge, askarawa suna duba darma. Wanda yake tsaye da jar tuta a hannu kuwa ba kowa ba ne sai Abdulganiyyu, an turo ma'aikatan ofis su taya aikin hanya. Ya leƙo ta tagar direba, ya duba waya, ya taɓa hatimi.

"Tsohuwa fa?" ya tambaya.

Labule ne kaɗai da kwano tsakaninsa da ita. In ya kasa kunne zai ji. Can gefe ga wata farar mota ta mutanen lafiya a tsaye, ƙofarta a buɗe. Mukhtaru ya dube ta, ya ƙara wa injin wuta don ƙararsa ta rufe numfashin Goggo.

"Da sauƙi," ya ce.

"Yalla, wuce."

Suna fita daga mashigin hanya ta buɗe, shimfiɗaɗɗiya, motoci sun warwatsu. Can gaba cikin hazon zafi ana hango ginshiƙan nan farare masu nuna iyakar Arfa, ƙanana kamar haƙora. Bai fi tafiyar kilomita biyar ba. A talatin, minti goma.

Sai Rumasa'u ta buga kwano da tafin hannu.

"Baban Maryama! Idonta ya kafe sama! Wayyo, numfashin yana yankewa!"

"Kira ta! Yi mata magana!"

"Goggo! Goggo, ga Arfa can! La'ilaha illallahu... Baban Maryama, ba za ta kai ba!"

Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Ya zare ƙafa daga takalmi ya kai wa katakon dunduniya. Bai motsa ba. Ya sake, waya ta yanke shi, ya ji jini ya yi ɗumi a tafin ƙafarsa. A na uku darma ta fashe, katako ya yi tsalle ya buga ƙofa. Totur ya nutse har ƙasa.

Kai, tsohuwar motar nan ashe tana da sauran ƙarfi! Ta yi wata kururuwa ta zabura. Arba'in. Hamsin. Ruwan randa yana fantsama, kwano yana kaɗawa kamar zai tashi. Ya ɗora hannu a kan oda bai ɗaga ba, masu tafiya suna watsewa suna zaginsa da harsuna bakwai. Ya wuce motar wani attajiri har labulenta ya ɗaga. A madubi ya ga ƙura, a cikin ƙurar ga motar askarawa ta biyo shi, jar tuta tana kaɗawa. Sittin. Sitiyari yana rawa a hannunsa, shi kuwa ba abin da yake faɗa sai, "Riƙe ta, Rumasa'u, riƙe ta!"

Ginshiƙan suka girma, suka zo, suka wuce ta hagu da dama.

"Mun shiga! Tana numfashi?"

"Tana yi! Kaɗan!"

Saura ɗaya. Makka tana bayansu, Goggo kuwa tagar hagu take kallo, wajen duwatsun da ba kowa. Gefen hanya tantuna ne da igiyoyi da mutane, ba inda za a ratse. Ya taka birki, ya murɗa sitiyari hagu iyakar murɗawa. Motar ta yi kuka, ta karkata kamar za ta kife, ta dawo kan ƙafafunta ta tsaya a gicciye, ta toshe kwaltar daga wannan baki zuwa wancan. Tagar hagu ta fuskanci hanyar da suka fito, ta fuskanci Makka.

Ya kashe inji ya diro, ya zaga da gudu yana barin sawun jini. Motoci sun fara taruwa, oda ta ko'ina, direbobi suna ihu. Bai ji ko ɗaya ba. Ya hau ya durƙusa, ya yaye labulen tagar.

"Goggo. Goggo, Muntari ne."

Idon ya sauko a hankali ya same shi. Leɓenta ya motsa, sai da ya kai kunne.

"Nan ne?"

"Nan ne, Goggo. Arfa ke nan, kina ciki. Ɗakin kuma ga shi can, saitin idonki."

Ta kalli tagar. Ba abin da ake gani sai ƙura da farin sama da kawunan mutane, amma ta kalla kamar tana ganin wani abu.

"Sauke... takalman."

Rumasa'u ta zaro su daga ƙarƙashin matashi, ta miƙa hannu ta ƙofar baya ta ajiye su a ƙasa, a jere, kamar mai su zai fito ya saka. Mukhtaru ya riƙe hannun Goggo na dama yana maimaita mata kalmar shahada. Ta bi shi sau ɗaya. A na biyu leɓen ya tsaya a tsakiya. Daga masallacin Namira aka ɗaga kiran sallar azahar.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a durƙushe ba. Abin da ya dawo da shi shi ne shirun da ya ji a waje, odar duk ta mutu. Ya waiwaya. Abdulganiyyu yana tsaye a ƙofar motar, fuskarsa duk ƙura. Ya zo ne da baki cike da masifa, amma ya tarar da Rumasa'u tana shafe idon tsohuwa tana ja mata mayafi. Ya juya ya ɗaga jar tutar ga layin motocin, ya riƙe ta a sama, ba direban da ya ƙara yin tari.

Sannan ya hau. Ya dubi hannun Goggo na hagu da ya ƙanƙance, ya dubi taga, ya dubi inda take fuskanta. Ya dubi ramin da cibiyar taya ta bari a tsakiyar daɓe, da kawunan ƙusa huɗu a ƙafafun gado. Mukhtaru yana kallonsa ya ga lokacin da ya gane.

"Inna lillahi," in ji Abdulganiyyu. Kuma da Hausa ya ci gaba, Hausar zauren Malam Isa, tana karyewa a bakinsa. "Don alƙibla ka yi shi. Muntari, don alƙibla ne?"

"Ga darmarka can a gaba. Ɗauki motar, na gama da ita."

"Bar maganar mota!" Ya zaro littafin daga hammata, ya buɗe, ya wuce shafin kaya, ya wuce na fasinja, ya wuce na kwana, ya tura masa a fuska. "Akwai na huɗu. Motar majinyaci. Ita ba a kafe mata gado, don ana sauke shi ana hawar da shi. Ba a sa mata katako. Farar tuta ake ba ta, ta fita da asuba kafin kowa, ba mai tsayar da ita a shinge."

Mukhtaru ya kalli rubutun, bai ga komai ba.

"Karantina fa?" Rumasa'u ta tambaya.

"Ta masu annoba ce, Hajiya. Wa zai rufe mai shanyewar jiki?" Ya juyo ga Mukhtaru, hawaye suna yanka ƙurar fuskarsa. "Da tun da sanyin safiya tana nan. Da ta ga Dutsen Rahama da idonta, ta yi addu'arta a zaune, gadonka yana juyawa. Sau uku na tambaye ka. Sau uku! Yaya za ka ce mini da sauƙi?"

Mukhtaru ya dubi takalman Malam Tsoho a ƙasa, ƙura har ta fara hawansu. Ya gyara wa Goggo gefen mayafin da ya zame, ya rufe mata ƙafa.

"To me zan ce, Ganiyu?" ya ce. "Goggona ce."